Mushe Milimeta da Bindigar Kakanmu

Ni da Hamadu Dabo taubasai ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan ba shi da inda zai kai ƙara. Tun muna yara nake tsokanarsa, kuma ni Salamata ni ce na laƙaba masa sunan da duk Zangon Wagadugu ta san shi da shi, wato Mushe Milimeta, mushen Faransanci mai nufin malam.

Ba zalunci na yi masa ba. Hamadu ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya fito ya shiga shagon gyaran jirgin ƙasa, ya shekara talatin da ɗaya yana sassaƙa ƙarfe. A aljihun rigarsa kullum akwai wani ɗan ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, kuma babu abin da ya tsira daga bakin nan. Ya auna kaurin masa a wurin mai tuya. Ya auna ƙofar masallaci ya ce ta karkace. Wata rana ya zo rumfata a kasuwar Sankaryare, inda nake sayar da atamfa, ya tarar ina yanka wa wata mata yadi, ya zaro ma'auninsa ya ce mata sandata ta gaza da milimeta huɗu. Wata guda ban amsa gaisuwarsa ba.

Abin da yake so a duniya bayan awo shi ne tsofaffin bindigogi, irin harbi-ka-ruga ɗin nan na maharban ƙauye. Kada ku ɗauka jarumi ne. Hamadu bai taɓa harba ko ɗaya ba, kuma ko kaza za a yanka a gidansa sai matarsa Zulaihatu ta aika a kira maƙwabci. Katakon ƙota yake so, da adon tagulla, da yadda maƙeran da suka riga mu suka haɗa abu ba tare da takarda ba. Maharba sukan kawo masa waɗanda ƙotarsu ta tsage ko adonsu ya zube, ya gyara, su ba shi zabo, ya kawo gida ya rasa mai yankawa.

Da ya ajiye aiki a shekara ta 2001, muka ce to, yanzu zai zauna a dakali ya sha shayi kamar sauran dattawa. Ashe wani tsohon ubangidansa Bafaranshe ya rubuto masa cewa akwai wata makarantar koyon sana'a a can da za ta zubar da ƙaramar na'urar sassaƙa ƙarfe, irin wadda kwamfuta ke tuƙawa. Ka zana abu a allo, ka ɗaure mata ƙarfe, ita ta sassaƙa da kanta. Hamadu ya daina barcin rana tun daga ranar da takardar ta iso.

Wata bakwai aka yi kafin na'urar ta zo ta tashar ruwa, ta hau mota, ta tsaya a bakin lungunmu cikin akwatin katako. Ɗakin da Zulaihatu ke ajiye hatsi da tukwanen biki shi ya zaɓa, ya ce shi ne atiliye, wato ɗakin aikinsa. Akwatin ya ƙi shiga ta ƙofa. Mutumin da ya auna ƙofar masallaci bai auna tasa ba, sai da aka kira magini ya fasa gefe guda. Na tsaya ina kallo, dariya kamar ta kashe ni.

Daga nan gidan ya shiga uku. Ya ja wayar lantarki mai kauri daga zaure. Ya sa na ɗinka wa kwamfutar riga da atamfa, ya hana share tsakar gida idan ƙofar ɗakin na buɗe. Idan ya kunna na'urar sai ƙwan lantarkin maƙwabta ya yi ja, tela na lungu ya fito yana salati. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai ka ji shi yana yi wa bango Faransanci. Zulaihatu ta tsinci ɓarɓashin ƙarfe a garin tuwo sau biyu, a na uku ta kawo masa kwanon ta ce ya auna mata shi.

Ranar gwajin farko rabin unguwa ta taru. Na'urar ta yi kuka na awa guda, ta haifi wani ɗan zobe da maƙerin unguwar Bilbalogo zai ƙera kafin shayi ya tafasa. Hamadu ya ɗaga shi sama, idonsa ya kawo ruwa.

"Ku duba," in ji shi. "Presiziyo ke nan. Ko gashi ba zai shiga tsakani ba."

Abu ɗaya ya dame shi. Daɓen ɗakin ba daidai yake ba, ƙafa ɗaya ta na'urar tana lilo, kuma idan ta yi lilo aiki ya ɓaci. Ya cusa kwali, ya cusa guntun silifa, ya cusa marfin gwangwani, kowanne ya yi kwana biyu ya gaza.

Ana cikin haka, a 2003, aka zo aka shafa wa gidajen unguwarmu lamba. Za a tashe mu, an ba kowa fili can wajen sabuwar unguwar Waga 2000. Ba zan tsaya kan wannan ba, don har yau idan na bi ta wurin sai na juya kai. Abin da ya shafi labarina shi ne al'adar gidan Dabo. Kakanmu falke ne, da jakuna ya riƙa kawo goro daga kudu, kuma yana da bindiga doguwa da ke gaban ayari. Tun daga lokacinsa, idan gidan zai tashi, bindigar ce ke fara fita, ita ce ke fara shiga sabon wuri. Ba a harba ta. An ce rabonta da albarushi tun kafin a haifi uwata.

Bindigar tana hannun Yaya Mamunatu, babbar yayar Hamadu, wadda ta girme shi da shekara goma sha takwas. Ubansu ya rasu Hamadu na da shekara uku, uwarsu ta bi shi ba da jimawa ba, Yaya ce ta goye shi ta yi masa komai. A lokacin da nake ba ku labari ta haura saba'in, idonta ya tafi gaba ɗaya. Bindigar na naɗe cikin farin ƙyalle a bayan gadonta, ba ta barin kowa ya taɓa. Ni kaina sau biyu na taɓa ganinta a buɗe.

Shi kuwa Hamadu, da furfurarsa da komai, abu ɗaya yake nema a duniya bai samu ba, wato Yaya ta ce ya iya. Duk shekarun da ya yi a jirgin ƙasa, idan aka tambaye ta aikinsa sai ta ce, "Auta yana can yana wasa da ƙarfe."

Saura kwana goma a tashi, Yaya ta warware ƙyallen, sai faifan tagullar da ke gindin ƙota ya faɗo, ƙusoshinsa sun ruɓe. Hamadu ya durƙusa a gabanta yana roƙo ta ba shi ya gyara. Ina wurin. Ta daɗe tana shafa ƙotar kafin ta miƙa.

"Ka mayar mata da abinta, Auta. Ranar Alhamis da safe ina son ta a hannuna."

"Yaya, za ki sha mamaki."

"Ba mamaki nake so ba."

Bai ji wannan ba. Ya kai faifan atiliye, ya sa shi ƙarƙashin fitila, ya ga ya yi baƙi, ya lotsa, gefensa ɗaya duk tsage-tsage kamar haƙoran zarto. Ya auna tsagogin ya ga babu biyu da suka yi daidai. Ya ce mini shekaru ne suka cinye shi, da jifa a kan duwatsun hanya, kuma abin kunya ne bindigar gidan Dabo ta shiga Waga 2000 da wannan a gindinta. Ni ma, don kada in yi ƙarya, na ce masa gaskiyarsa ce.

Kwana takwas ya yi yana zane a kwamfuta. Ya sayo sabuwar tagulla, ya lalata biyu saboda lilon ƙafar nan, a ta uku aiki ya fito. Na gan shi, kuma dole in yaba. Sumul yake, gefensa santsi, har da ɗan zanen ganyen goro a tsakiya. Ya ɗaura shi a ƙota, ya goge, ya naɗe.

Ranar Alhamis da hantsi babbar mota na tsaye a bakin lungu, an ɗora gadaje da tukwane, na'ura kaɗai ta rage don sai ƙarti huɗu. Yaya na zaune a tabarma a tsakar gida da mayafinta. Hamadu ya zo cikin babbar riga ya ɗora mata bindigar a cinya, ya ja da baya yana murmushi, yana satar kallona.

Ta bi bakin bindigar da hannu, ta sauko kan ƙota, ta kai gindi. Yatsanta ya bi gefen faifan ya dawo, ya sake bi.

"Wannan ba tamu ba ce."

"Ita ce, Yaya. Plak ɗin kawai na sake. Tsohon duk ya ƙarce, se fini, ba ya gyaruwa."

"Ina tsagogin?"

"Ai su ne lalacewar. Na auna su, babu ko…"

"Mutane ne, Auta."

A hankali Yaya ta ce duk ɗan da aka haifa a gidan nan, ranar suna maigida kan ɗauki magagari ya yi masa tsaga ɗaya a gindin bindiga. Kaka ya fara, Baba ya ci gaba, da Baba ya rasu babu wanda ya ɗauka. Ta tura bindigar gefe, ta gyara zama, ta ce su tafi da kayansu, ita ba ta da abin da za ta bi ta fita.

Ban taɓa ganin fuskar Hamadu haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni har na manta taubashina ne. Yaya ta tambaye shi ina tsohon faifan. Ya ce wataƙila yana cikin tarkacen da mai sayen ƙarfe ya kwashe shekaranjiya. Direba ya danna oda a waje.

Zulaihatu ce ta yi magana daga ƙofar madafa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Malam, me ka cusa a ƙarƙashin ƙafar mashin ɗinka ranar Litinin, da ka fito kana cewa yau ta zauna daram?"

Da babbar rigarsa ya ruga. Ƙarti huɗu suka ɗaga na'urar, ya kwanta rub da ciki a ƙasa ya zaro faifan, ya shafe da mai, ya ɗan ƙara lotsawa. Ashe kyakkyawan aikin nan da ya fito a karo na uku, a kan tsohon faifan aka yi shi. Ya cire sabon, ya nemo guduma da ƙusoshi huɗu, ya zauna a ƙasa gaban Yaya ya kafa tsohon da hannu. Ƙusa ɗaya ta shiga a karkace. Ma'aunin na aljihunsa, bai taɓa shi ba.

Yaya ta karɓa, ta sa farcen babban yatsa a tsaga ta farko, ta fara kiran sunaye. Ta kira Baba, ta kira uwata, ta kira waɗanda ban taɓa jin labarinsu ba, waɗanda suka yi kwana arba'in da waɗanda suka yi shekara tamanin. Ta kira kanta. Da ta zo ta biyun ƙarshe sai ta yi shiru, yatsan ya tsaya a ciki. Tsagar nan ta fi sauran faɗi da santsi, kuma ba magagari ne ya faɗaɗa ta ba.

Ni na sani, don uwata ta taɓa gaya mini. Yaya ta zo gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji watanni kaɗan kafin a haifi Hamadu, baƙon dauro ya ɗauke shi yana da shekara biyu, ba ta sake haihuwa ba. Mace irin Yaya ba ta kiran sunan ɗan fari, yana raye ko ba ya raye. Shekara hamsin da 'yan kai ba wanda ya ji ta ambace shi, kuma shi ya sa ba ta taɓa yi wa kowa bayanin faifan ba. Babu hoto, kabarin ma ba a san inda yake ba yanzu. Wannan tsagar ce kaɗai.

Sannan ta matsa zuwa ta ƙarshe, wata 'yar karkatacciya marar zurfi.

"Wannan kai ne. Hannun Baba ya riga ya fara rawa."

Hamadu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan babbar rigar da ta riga ta sha mai. Ta laluba ta sami sabon faifan a kan tabarma, ta shafa ganyen goron, ta juya shi.

"Wannan kai ka yi?"

"Ni ne, Yaya."

"Ya yi kyau. Ka iya. Ka sa wa mashin ɗinka a ƙafa."

Yana can har yau a sabon gida, a ƙarƙashin ƙafar hagu ta baya, na gani da idona. A ranar dai Yaya ta miƙa masa bindigar ta ce ya wuce gaba, abin da ba ta taɓa ba kowa ba. Ya rungume ta a ƙirji ya nufi zaure, ita kuma ta kama gefen rigarsa ta bi shi, ɗaya hannun nata yana kan gindin ƙota, yatsanta a cikin tsaga ta biyun ƙarshe, har suka fita lungu.