Fatalwar da Ke Cire Takalmi

Shekarun baya can, lokacin da bidiyo ke sabon shigowa Bebeji, yayana direban bas ya dawo daga Kano da kaset biyu na fim ɗin fatalwa. Mai sayarwar ya ce masa labari ɗaya ne: 'yan Chana suka fara yi, daga baya Turawa suka kwaikwaya. Ni kuwa lokacin ina ji da samartaka, na buga ƙirji na ce babu fim ɗin da zai girgiza ni.

A makon gidanmu ba daɗi. Yayata ta rasu ta bar yarinya ƙarama a hannun mahaifiyata, ga shi dangin uban sun aiko daga Doguwa cewa ranar Juma'a za su zo su tafi da ita. Mahaifiyata ba ta yi musu ba. Har ta wanke kayan yarinyar ta ɗaure a ɗankwali, amma tun ranar ba ta ƙara cin abincin kirki ba.

Bayan la'asar muka tayar da janareta, muka toshe taga da bargo, muka sa na 'yan Chana. Wata mata ce ta mutu ta bar ɗa. Kullum da yamma sai ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta shiga ta lulluɓe yaron da zane. Ba ihu, ba jini. Cire takalmin nan ne ya gama da ni, domin haka muke yi a gidanmu, kuma mutanen fim ɗin a tabarma suke zama kamar mu. Ban san lokacin da na koma bayan yayana na riƙe rigarsa ba.

"Jarumi, sakar mini riga kar ka yaga," in ji shi.

Da aka sa na Turawa sai raina ya dawo. Tasu fatalwar haƙora gare ta zaƙo-zaƙo, tana fasa ƙofa tana jifa da kujeru, a ƙarshe suka banka mata wuta. Na miƙe ƙafa na ce, "Yauwa, wannan shi ne fim!"

Ashe mahaifiyata na tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Ta zo ne ta ce mu rage ƙara, kallo ya riƙe ta.

"Turawan nan ba su gane matar ba," ta ce. "Ba cin mutane ya kawo ta ba, ɗanta ta zo dubawa. Ku mayar mini da ƙarshen na farkon."

Yayana ya mayar. A nan wata tsohuwa ta goya yaron, ta dubi fatalwar ta yi mata magana a hankali. Fatalwar ta sa takalminta ta juya, ba ta sake dawowa ba.

"Kun ji abin da ta ce mata?" in ji mahaifiyata.

Na ce, "Inna, ai yarensu ne, wa ya iya?"

"Ce mata ta yi: je ki kwanta, yana hannuna." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na san mamaci ba ya dawowa. Amma ni me zan ce wa tawa 'yar in an tafi da yarinyar nan?"

Ranar Juma'a baffan yarinyar ya iso a kan babur. Aka gaisa, aka sha fura. Mahaifiyata, wadda ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, 'yarku ce, ba ni da ta cewa. Amma don Allah ku bar mini ita ta yi wayo. Uwarta a hannuna ta bar ta." Sai ya ce, "Hajiya, ki kwance kayan. Ni zan yi wa ɗan'uwana bayani."

Har yau in ana gardamar wanne ya fi tsakanin na asali da na kwaikwayo, dariya nake yi, domin ni da na fi kowa baki a ɗakin nan ni ne ban gane komai ba. Raina yana yin sanyi duk lokacin da na tuna. Yarinyar a gidanmu ta girma, daga ɗakin mahaifiyata aka kai ta gidan miji. Kuma har yau ba ta san fim ɗin fatalwa ne ya hana a tafi da ita ba.