Kogin da maigidana ya zana a bangon coci

Maigidana mai zanen allunan shaguna ne. A shekarun tamanin, in ka ratsa unguwar Gamboru ka ga allon mai aski ko na mai injin niƙa, da wuya in ba hannunsa ba ne. Amma abin da ya fi so shi ne zana hanya. Yakan ce sirrin duk a ɗigo ɗaya yake: ka sa ɗigo a bango, ka ja layuka su haɗu a wurinsa, abin kusa ka girmama shi, na nesa ka ƙanƙanta shi ka sirka masa fari. Shi ke nan bango ya yi zurfi. Ni kuwa nakan ce ƙaryar fenti ce kawai, amma tunda da ita muke cin tuwo, Allah ya ƙara basira.

Da cocinmu na unguwar Bulabulin ya ba shi aikin zana kogi a dogon bangon bayan bagade, inda fasto ke tsayawa, murna kamar an yi masa sarauta. A makon ne na miƙa masa kofin shayi, ya kai hannu ya damƙi iska a gefen kofin. Washegari na ga ya tsoma buroshi a bayan gwangwanin fenti. Na lallaɓa ta hagunsa na ɗaga hannu, ko ƙiftawa bai yi ba. Nan take na tuna da makantar mahaifinsa. Can garinmu a kudancin Borno, da sanda ake jan tsohon tun bai yi furfura ba.

Na ce, "Baban yara, idon nan na hagu yana gani kuwa?"

"Ke dai ba a raba ki da bin diddigi," in ji shi. Can ya ce, "Ya daɗe da tafiya. Amma bango ai a shafe yake, ido ɗaya ya ishe shi."

"To tsanin da kake hawa fa? Shi ma a shafe yake?"

Ya dai roƙe ni kada fasto ya ji, don wa zai ba makaho aikin zane? Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ba mu maganin ɗigawa, ya ce na daman ma ya kama hanya.

Na rufe keken ɗinkina na koma riƙon tsani. Matan coci suka samu abin tsokana, wai tsohuwar zuma ce ta motsa. Ina yi musu dariya kawai. In zai sauko nakan ga ƙafarsa tana lilo tana laluben mataki, sai na kama dunduniyar na ɗora ta da hannuna. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Kogin kuwa kullum sai ƙara nisa yake, giginyu na ƙanƙancewa a gaɓarsa, shi kuma hancinsa na ƙara matsawa kusa da bangon.

Ranar Lahadin da aka yaye ƙyallen da ke rufe da bangon, cocin ya ɗauki sowa. Wata tsohuwa ta ce ita kam a riƙe ta kada ta faɗa ruwa. Yara suka ruga suna shafa bango don su tabbatar. Muna zaune a benci na gaba, sai ya sunkuyo ya raɗa mini.

"Maman yara, ɗan kwalekwalen da na sa can ƙarshe, ya fito?"

Na ce ya fito, har da mai tuƙinsa.

"Madalla," ya ce. "Ni daga nan ko ruwan ba na rarrabewa."

Da aka tashi, ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Matan suka sa guɗa. Ni na rage sauri, ina gaya masa a hankali inda dakalin ƙofa yake.