Zakiyyu da Aljanun Kwarin Kande

Jama'a, a gyara zama, a kashe rediyo! Ga Yaya Zakiyyu ɗan Malam Amadu mai goro, gagarabadan ƙauyenmu can bayan Sandamu, wanda ya share shekara huɗu a jami'a yana karanta labarin matattu. Ni ƙanensa ne, Dabo. A aji uku na sakandare na ajiye biro na kama acaɓa, don haka kada wani ya ce ban san boko ba.

Ran da ya dawo da digirin tarihi, Innarmu Shatu ta tambaye shi ko yanzu ya iya allura. Ya ce a'a. Ta ce, to Allah ya sa albarka. Aka ba shi koyarwa a makarantar je-ka-ka-dawo. In an yi hutu, wasu su tafi kasuwar Kwangwalam neman na kansu, shi kuwa ya saɓi rikoda ya bi tsofaffi zaure-zaure yana ɗaukar hirarsu.

Shekara biyu da ƙaddamar da shari'a, aka ba garinmu ɗakin shan magani. Kwamitin gari ya zaɓi Kwarin Kande, filin da tun kaka da kakanni ba a gini a cikinsa, wai na aljanu ne. Da gangan suka zaɓe shi, don a karya camfi. Kowa ya yi kabbara, tawa ma ta fi ta kowa ƙara.

Sai Yaya ya ɗaga hannu ya ce kada a gina a can.

"Malam Zakiyyu," in ji Alhaji Hussaini shugaban kwamiti, "a jami'ar ne aka koya maka tsoron aljanu?"

Aka bushe da dariya. Kafin Juma'a magana ta zaga gari, wai ɗan boko na kare camfi. Mutum uku suka cire 'ya'yansu daga ajinsa, har ana shirin rubuta takarda a raba shi da aikin.

Yaya bai yi musu da kowa ba. Ya roƙi zama guda, a cikin kwarin. Da aka taru ya kunna kaset, sai ga muryar marigayi Baba Mati, wanda kowa ya san bai taɓa ƙarya ba. Baba Mati ya ce da can unguwa guda ce a nan, ambaliya ta share ta, aka sake ginawa ta sake sharewa, sai dattawa suka ce wa yara wurin aljanu ne don kada kowa ya koma.

Yaya ya sa aka haƙa. Kamu uku, yashi zalla. A ƙarƙashinsa kuwa ga fasassun tukwane, ga dutsen niƙa, ga duwatsun murhu da baƙinsu.

Alhaji Hussaini ya tsuguna ya daɗe yana juya dutsen niƙan. Liman ya ce, "Camfi dai camfi ne. Amma ambaliya gaskiya ce."

"To Malam," in ji Alhaji, "ina za mu kai ginin?"

Aka kai shi tudun bayan makaranta. Yaran da aka cire suka koma aji, takarda kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba. Yanzu ko rijiya za a haƙa sai an aika a kira Malam Zakiyyu.

A hanyar gida ran da aka yi haƙan, ina saɓe da shebur, na ce, "Yaya, ka zama mai ba gwamnati shawara! Gobe Daura, jibi Katsina, ni ne direba."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Shebur ɗin nan na aro ne. Mayar wa masu shi kafin la'asar."