Tukunyar da Ba Ta Kwana

Jiya jikata ta dafa mini ɓawon maɗaci don ciwon ciki, ta bar shi bisa wuta har ya yi baƙi. Ina kurɓa sai hawaye. Ita ta ɗauka ɗacin ne. Bari in gaya maka abin da ban gaya mata ba.

Kakata, mahaifiyar babana, Bamagujiya ce. Giyar dawa take dafawa a bayan bariki, Turawa ba su daɗe da cin Sakkwato ba. Mutanen cikin gari ko gaisuwarmu ba su amsawa. Oho dai, sojoji sun san ƙofarmu, babana ma soja ne.

Maɗaci shi ne gwanintarta. In ta jefa ɓawon gab da sauke tukunya, ƙamshi kawai yake bari, giyar ta yi daɗi, sai dai kafin gobe ta yi tsami. In ta sa shi tun tafasar fari, ya yini yana ɓararraka, ɗaci zai kama ta sosai, amma takan jure tafiya. Babana mai daɗin yake so.

Da kaka, ana sussukar gero, aka ce za a kwashe su babana yaƙin Turawa, can wata ƙasa da ko sunanta ba mu iya ba. Ran nan Kakata ta sa maɗaci tun safe, ta yi ta tura icce, ba ta kula kowa ba. Da ta cika masa gora ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Haba Inna, wanga ai magani na!"

"Na hanya na. Mai daɗin tana nan ran da ka komo."

Daga nan duk dahuwa sai ta ware 'yar tukunya ta yi masa irin tasa, ta hana a taɓa. In ta kwana ta yi tsami, sai ta zubar gindin bango. Abokansa suka komo ban da shi, ta ci gaba. Har ƙarfin ɗaga tukunya ya ƙare mata tana yi.

Yau inda gidanmu yake kanti ne, ni kuma na yi Makka, jikokina ba su san daga inda na fito ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke cina, wallahi, na yi na yi in tuna dariyar babana na kasa. Fuskarsa guda ta rage mini, ita ma a yamutse.