Tururuwa a Ƙafar Dama

A inuwar kamiyona, babbar motar kayan da nake tuƙawa, na yi mafarkin, ina ƙailula, muna jiran 'yan duwan, wato kwastan na bakin iyaka, su sallame mu mu haye gada zuwa Malanbil. Na ga ƙafata ta dama ta koma sukari, fari fat daga gwiwa har tafi. Sai ga tururuwa sahu-sahu, kowace ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta wuce. Ba zafi, ba jini. Ina kallo babban yatsa ya ƙare. Na farka ina laluben ƙafa, na jiƙe sharkaf da gumi.

Na ji tsoro ƙwarai. Ƙanen mahaifina ciwon sukari ne ya ci masa ƙafa, kuma direba da ƙafar dama yake taka birki. In ta tafi, abincin gidana ya tafi.

Na yi tofi ta hagu na ja bakina, don mummunan mafarki ba a yawo da shi. Amma da ya sake riska ta a Kwatano, ina dawowa gida Gaya na kai wa mahaifiyata labarin. Tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Abin da ka gani, shi za ka fitar sadaka," in ji ta.

Wannan ai mai sauƙi ne. Na sayi kwalin sukari guda na rabar bayan sallar Juma'a, na koma fadarmu ta direbobi na sha shayina mai kauri kamar zuma, raina fes. Mafarki ya dawo. Wannan karon tururuwa har sun kai idon sawu.

"Inna, sadakar nan ba ta karɓu ba."

Ta dubi tumbina ta daɗe. "Wane sukarin ka bayar?"

"Na kanti mana."

"To na mai kanti ka bayar, ɗan nan. Naka yana nan cikin kofinka."

Kashegari na je asibiti. Likita ya soki yatsana ya gwada jini, ya ce sukarin ya hau, amma gara da na zo da ƙafafuna.

Barin burodi da madarar gwangwani bai ba ni wuya ba. Matata ta koma yi min tuwon dawa da zogale da gasasshen kifi, na daina hawa kabu-kabu, ina takawa da ƙafa daga tashar manyan motoci zuwa gida. A fada aikin yake. Ƙin karɓar shayi a wurinmu daidai yake da ƙin miƙa hannu a gaisa. Mai dafa mana kuwa Bazabarme ne, ni Bagobiri, abokin wasa ke nan, ba ya raga min. Da na ture kofi ya ɓata rai, dole na ba shi labarin.

"Jama'a ku zo ku gani," in ji shi, "Bagobiri guda, tururuwa sun kore shi daga shayi."

Ya yi ta min tsiya har na gaji da ramawa. Amma wata safiya sai ga shi da ƙaramar buta ta biyu. Nawa daban yake dafawa, ɗaci kamar maɗaci, kuma duk sanda zai zuba wa sauran sukari sai ya jefa rabona cikin gwangwani. In ya cika, ni nake kai shi sadaka. Ina son mutumin nan, ko da yake ba zan taɓa faɗa masa ba.

Mafarkin bai sake zuwa ba. Bazarar da ta wuce ina kwance ƙarƙashin kamiyo kusa da fadarmu, muna jiran 'yan duwan, ido biyu, na ga tururuwa na gaske sun nufo ni. Na yi lamo ina kallo. Suka zo daf da diddigena, suka kewaye shi, suka miƙe sai farantin shayin Bazabarme.

"Tashi ka karɓi baƙinka," na ce masa.

Da aka sallame mu na hau mota, na gangara bakin gada na taka birki, ƙafar ta amsa.