Injina Tara da Yayana Ya Bari a Buɗe

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kwararafa, Allah ya yi wa yayana rasuwa yana da shekara arba'in da uku. Makanike ne, amma ba na mota ba. Injinan ban-ruwa yake gyarawa, irin waɗanda masu lambu ke jan ruwa da su daga kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Naraguta. Shagon nasa rumfar kwano ce da benci ɗaya, kuma shi kaɗai yake aikinsa.

Ya daɗe da hawan jini. Mun sani, shi ma ya sani. In ciwon kai ya matsa masa sai ya sha magani kwana uku, da ya ji sauƙi ya ajiye. In matarsa ta yi magana ya ce, "Warin fetur ne kawai." Wata Talata bayan azahar ya sunkuya zai ɗauki sifana, sai ya kife a wurin. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Kwanansa huɗu a asibiti, bai ƙara cewa uffan ba har ya cika.

Ranar sadakar uku na lura da wasu mutane da ban sani ba, duk takalmansu da busasshen taɓo. Sun yi ta'aziyya, amma sun ƙi tashi. Can wani dattijo a cikinsu, Birom ne, ya matso kusa da ni yana murza hularsa a hannu.

"Malam, yi haƙuri. Allah ya ba shi hutu," ya ce. "Amma injin na yana shago. Kabeji yana mutuwa."

Gaskiya raina ya ɓaci. Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba, ana yi mini maganar kabeji? Na shiga cikin gida na faɗa wa mahaifiyata, ina jiran ta taya ni faɗa. Sai ta share ido ta ce, "Je ka buɗe musu. Rani ake ciki. Su ma iyali gare su."

Da na cire kwaɗon shagon, sai na tsaya kamar an dasa ni. Injina tara, kowanne a buɗe, an kwance cikinsa. Fiston a kan jarida, kafireto a gwangwanin madara, notina a tsohuwar tasa. Babu suna, babu lamba, babu ko takarda ɗaya. Komai a kansa yake riƙewa, ga shi mun binne kan.

Manoman kowa ya gane gangar jikin injinsa, wannan da fenti, wancan da igiya. Kayan ciki kuwa ba wanda ya sani. Nan take biyu suka kama jayayya kan kafireto ɗaya, kowa na rantsuwa nasa ne. Duk suka juyo suna kallona, wai ni ne ƙanin oga. Ni da ko fulogin babur ban taɓa canzawa ba.

Abin da na iya shi na yi. Na ciro alli a aljihu na rubuta wa injinan lamba, ɗaya zuwa tara, kamar 'yan aji. Na ji daɗin kaina na minti biyu, sannan na tuna lambar ba za ta ja ruwa ba. Washegari na zauna da waya ina kallon yadda ake haɗa inji. Awa uku na yi ina fama da haɗa inji mai lamba ɗaya. Da na ja igiyar tayar da shi, sai ya yi tari ɗaya ya fesa mini baƙin mai a farar riga. Na duba ƙasa, ga noti uku sun rage, ban san daga ina suke ba.

Matar yayana ce ta ce in je kasuwar Terminus wurin wani Bayarabe mai sayar da kayan inji, aminin marigayin. Ya zo da kansa. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan ya kanga a rana, sai ya girgiza kai.

"Ɗan'uwanka ba ya sayen sabo, Malam. Tsoho yake gogewa, ya yanke, ya haɗa na wannan kamfani da na wancan, don talaka ya iya biya. Ko ni sai na yi ta gwadawa."

"To yanzu, Baba, ya za a yi?"

"Riƙe mini nan," kawai ya ce.

Kwana shida yana rufe shagonsa da rana ya zo, ni ina miƙa masa sifanar da ba ita ya nema ba. Injina biyar suka tashi. Huɗu suka ƙi, ciki har da na dattijon nan. Da na je lambunsa in faɗa masa, ban ma buƙaci magana ba. Ganyen duk ya kwanta, ya koma ruwan ƙasa, ga kududdufi cike da ruwa taku kaɗan daga wurin.

Daga nan na fara ganin abin da ban taɓa tunani ba. Matan da ke yi wa lambunan nan ciyawa da girbi suka rasa aikin wannan rani. Mai a-kori-kurar da ke kwaso kayan zuwa kasuwa ya sayar da motar bayan wata biyu. Mai abincin da ke gefen shagon, wadda manoma ke ci a wurinta suna jiran gyara, ta tattara tukwanenta ta tashi. A gida kuwa, babbar 'yar yayana da ta samu gurbin karatun jinya ta haƙura, ta zauna tana taya uwarta suyar awara. Mahaifiyata, da take zaune a wurinsa, ta dawo ɗaki guda da nake da shi, ni da matata muka koma falo.

Yanzu komai ya lafa. Yarinyar ta yi karatun daga baya, tana aiki. An rushe rumfar an yi shagon cajin waya. Amma har yau kaina bai gama warware lamarin ba. Na yi imani ajali ba ya jinkiri. Na kuma ji likitan da ya duba shi da kunnena yana cewa maganin wata guda bai kai kuɗin fulogi biyu ba. Ina riƙe da maganganun nan biyu, na kasa ajiye ko ɗaya, na kuma kasa haɗa su wuri guda. Wani lokaci haushinsa nake ji, sai kunya ta kama ni in yi masa addu'a.

Bara na haɗu da dattijon nan mai kabeji a Terminus, yana sauke buhunan kabejin wasu daga mota, ya tsufa sosai. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Tun da oga ya tafi, ni ban koma lambu ba," ya ce.

"Baba, ka yi haƙuri."

"A'a, Malam, kai ka yi haƙuri."

Muka tsaya a tsakiyar hanya, 'yan keke mai ƙafa uku na ta danna mana hon, kowa na yi wa ɗan'uwansa ta'aziyya. Har muka rabu ban san wane ne mai makokin a cikinmu ba.