Ranar Da Baba Ya Tsallaka Fangalin Albasa

Ni dai ban taɓa ganin tafiya irin wadda ciwon nan ya koya wa Baba ba. Zai miƙe lafiya lau, sai ƙafafun su fara jan ƙasa, taku ƙanana-ƙanana, kai na gaba. Kafin ka ce me, ya soma sauri kamar ana tura shi ta baya, ba ya tsayawa sai bango ya tare shi. Likita ya ce ciwon karkarwa ne, daga ƙwaƙwalwa yake.

Mun ɗauko shi daga Augie, inda ya shafe rayuwarsa yana noman albasa, muka ajiye shi gidana a unguwar Gesse, cikin birni. Da ya faɗi a kan tayil ɗin falo ya fasa goshi, sai yayana ya yanke hukunci: Baba ya bar ƙauye ke nan, gonar a ba wani aro. Na goyi bayansa, har da masifata.

Baba kuwa kullum magana ɗaya. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Uwata, ku maishe ni gida."

"Haba Baba! Ka je ka faɗa rijiyar fadama?"

Ya dame ni har na gaji. Wata Asabar na ce to, mu je ya ga gonar ya yi mata sallama. Ni da Yaya muka sa shi a mota. Tun daga Argungu yake leƙen taga, yana zagin shinkafar mutane wai ba a cire mata ciyawa ba.

A bakin gona muka riƙe shi hagu da dama. Gonar albasa fangali-fangali ce, kowanne da ɗan tudun ƙasa kewaye da shi don ya riƙe ruwa. Baba ya ja ƙafa har gaban tudu na farko, ya tsaya yana kallonsa. Sai ya fizge hannunsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka.

Ya tsallaka na biyu. Na uku. Taku manya-manya, baya a miƙe!

Wallahi ihu na saka. "Yaya, duba! Duba Baba!" Na yar da takalmina na bi shi cikin laka, ina dariya ina kuka, mayafina na jan ruwa. Yaya ya dafe kai, sai salati yake. Hannun Baba na nan yana rawarsa, ciwo bai je ko'ina ba, amma muddin idonsa na ganin abin tsallakawa, ƙafar tana jin maganarsa.

Yaya mai taurin kai ne, ya ce, "To a fili fa, Baba? Daga gida zuwa nan ai babu tudu."

Baba ya nuna tarin karan gero a gefen gona. Muka kwaso muka jera a ƙasa, tsakaninsu taku guda, har kan hanya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya juyo, ya sake bi. Manoma maƙwabta suka bar injin ban-ruwa yana ta zuba, suka taho suna kabbara.

Da la'asar ta yi na buɗe masa ƙofar mota. Ko kallonta bai yi ba. Ya tsuguna ya tuge albasa ɗaya, ya kakkaɓe, ya shinshina.

"Wagga tana son ruwa gobe da sahe," in ji shi. "Ku tahi, Allah shi kiyaye hanya."